Bidiyon Gudun Balki

Asabar, 18 ga Janairu, ƙarfe 5:40 na yamma

Mun dawo daga wajen gudu. Ƙafafuna ciwo suke, alhali ni zama kawai na yi a benci.

Balki ta zo ta biyu a tseren mita ɗari uku na 'yan matan sakandare. A takarda ina iya rubuta sunanta, a baki ne ba na iyawa. 'Yar fari ce. Shekara goma sha shida ke nan "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ko a unguwa Maman Humaira ake kirana, da sunan ƙanwarta. Haka na ga Innarmu tana yi da Yaya can gida a Gwammaja, haka nake yi a nan unguwar Highbridge, a ƙasar waje. Da ta zo ta nuna mini lambar da aka rataya mata, cewa na yi ta saka rigar sanyi kafin mura ta kama ta.

Wadda ta zo ta ɗaya sunanta Yesenia, daga wata makaranta take. Namiji aka haife ta, yanzu a mace take rayuwa, kuma dokar gasar ta yarda ta yi gudu da mata. Najat 'yar maƙwabciyata Damata, mutuniyar Ghana, ta zo ta huɗu, kuma uku kawai ake ɗauka zuwa gasar ƙarshe ta ranar 15 ga Fabrairu. A jirgin ƙasa muna dawowa Damata ta yi ta share hawaye da bakin mayafi. "Maa Humaira, wannan adalci ne? Shekara uku yarinya tana wahala paa." Na ce ba adalci ba ne, kuma har cikin raina na faɗa.

Raina a ɓace na shigo gida. Na ɗan yi magana a guruf ɗin matan masallaci. Ban yi dogon bayani ba.

Talata, 21 ga Janairu, ƙarfe 12:30, hutun rana

Tun safe nake ɗibar jini a asibitin da nake aiki, mutum ashirin da uku, biyu cikinsu jijiyarsu ta yi ta mini wasan ɓuya. Ina buɗe kular abinci Damata ta kira. Ko sallama babu, wai na ga abin da ke yawo?

Bidiyon tseren ne. Ya fita daga guruf ɗinmu, ya bi wayoyin mutanen da ba mu sani ba, har ya faɗa hannun wani mai shafi a intanet. Ya ɗora kiɗa a kai, ya zana jan da'ira a kan yarinya ɗaya, ya rubuta da Turanci wai ga namiji nan ya ɓuya a cikin hijabi.

A kan Balki ya zana.

Na kalla sau huɗu a banɗakin ma'aikata. In mutum bai san kowa ba, haka zai ɗauka. Wayar ita take bi tun daga tashi har ƙarshe, ita ce a tsakiya. Wadda ta ci ɗin tana can gaba, gefen kafaɗarta kawai ake gani. Ga Balki doguwa, ta ɗebo kafaɗun babanta, ga baƙin wando har idon sawu, ga riga mai dogon hannu. Wanda ya ɗauka ɗin bai ce ga wadda yake nufi ba.

Shinkafar na mayar da ita gida yadda na zo da ita.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe 7:10 na safe, a bas

Mutum dubu casa'in sun kalla. Na gaji.

Alhamis, 23 ga Janairu, bayan magariba

Abban Humaira ya gani. Wani abokin aikinsa a jami'a ne ya nuna masa, bai ma san 'yarsa ba ce. Mutumin nan da sai da aka yi wata biyu ana lallaɓa shi kafin ya yarda a yi gudun, da sharaɗin dogon wando da hijabi, yau shi ne yake zagaye falo kamar zai ci babu.

"Indo, ina so in san wane marar tsoron Allah ne ya ɗauki 'yar mutane a waya ya watsa. In na gan shi, sai dai 'yan sanda su raba mu."

Na ce bari in duba miya. Miyar tuni na sauke ta.

Ita kuwa tana ɗaki. Ta fito ta ɗauki ruwa ta koma. 

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe 4:15 na yamma

Koci Efua ta kira ni ina wajen aiki. Ita ce mai koya musu gudu, 'yar Ghana ce, ba ta da yawan magana. Ta ce in zo makaranta in ɗauki yarinyar da kaina.

Abin da ya faru shi ne ta shiga banɗakin mata, wasu yara biyu suka tare ƙofa suka ce ba nan ne nata ba. Ɗaya ta kai hannu za ta ja hijabin wai a gani. Yaran da suka shekara biyu suna aji ɗaya da ita. An kore su na kwana uku, an ba ni takarda na sa hannu. Sannan wai ranar Juma'a an ga wani mutum a tsallaken titi yana ɗaukar masu fitowa da waya. Ba a san ko don ita ba ne. Ba a san komai ba, kowa sai ya ce mini ana bincike.

Na tambayi Koci, ita a ganinta daidai ne Yesenia ta yi gudu da 'yan mata? Ta daɗe tana murza goshi. Ta ce, "Maman Humaira, iyaye goma sun yi mini wannan tambayar, kuma ba ni na rubuta dokar ba. Abin da na sani, yau yara biyu ne ba sa iya tafiya gida su kaɗai."

A hanya na saya wa yarinyar nan gasasshiyar gyaɗa mai suga da take so. Ta riƙe a hannu har gida ba ta buɗe ba.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe 6:50 na safe

Ba ta je atisaye ba jiya. Yau ma takalman suna nan bayan ƙofa.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe 3:00 na rana

Na je titin 116th a Harlem sayen kuka da daddawa. Da na sani da na haƙura mun ci taliya.

Ina shiga shagon Hajiya Habsatou hira ta tsaya. Mata uku ne a ciki, duk suka shiga duba kayan da ba saya za su yi ba. Hajiya mutuniyar Maraɗi ce, ta girmi Innarmu, kuma ita ta yi mini wankan jego lokacin Humaira, don haka ba na iya yi mata musu. Ta ja ni bayan buhunan shinkafa.

"Ɗiyata, abin nan mai sauƙi ne. Ki kawo ta gidana. Ni da wata dattijuwa mu duba ta, mu yi murya mu tura ko'ina cewa mun gani da idonmu, mace ce. Magana ta mutu."

Wallahi da kyakkyawar niyya ta faɗa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sai da na tsaya ina auna maganar. Ni da na haife ta a asibiti aka miƙo mini ita a tsumma. Na ce mata na gode, zan yi shawara da babanta. Na fito na bar kukar a kan kanta, sai a jirgi na tuna.

Abban Humaira shi kuma nasa maganin takardar haihuwa ne, a ɗauki hotonta a saka a ƙarƙashin bidiyon. Ya faɗa muna cin abinci. Yarinyar nan ta ajiye cokali. Da Turanci ta amsa, kamar kullum. Ta ce me ya sa ita za ta nuna takarda? Najat ta taɓa nuna wa wani? In ta nuna yau, gobe me za su ce ta nuna?



Lahadi, 2 ga Fabrairu, bayan la'asar

Damata ta kawo mana waake da shito, shinkafa da wake da yajinsu na Ghana. Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa. Ita tana guruf ɗin, ta san abin da ta sani, amma ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma haka.

Ta ce ita har yanzu tana kan bakanta, ƙarfin namiji daban ne, kuma an ci hakkin Najat. Na ce ni ma ban sauka daga nawa ba. Gaskiya ce kuwa. In na tuna yadda tazarar ta buɗe a kwanar ƙarshe, har yanzu raina ɓaci yake. Sai dai yanzu in na buɗe baki zan faɗa, jan da'irar nan nake gani.

Na gaji da tunanin abu biyu a lokaci ɗaya.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe 12:40, hutun rana

Yau na huda wata tsohuwa sau uku kafin in samu jijiya. Shekara tara ban yi haka ba. Ta ce babu komai, ni ce na kusa yin kuka.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, ƙarfe 6:00 na yamma

Ta yi mini magana yau, da kanta. Ina yanka albasa ta zo ta jingina da firji.

Ta ce, "Umma, kin san wa ya turo mini saƙo? Yesenia."

Wai ta ce mata ta rufe wajen sharhi, kada ta karanta komai da safe kafin ta ci abinci, kada ta riƙa bin hanya ɗaya kullum, kuma in mutum ya ɗaga waya kada ta rufe fuska don shi suke so. Wai ita shekara biyu ke nan tana haka. A ƙarshe ta ba ta haƙuri, ta ce ta san da ita ake.

Na ce to.  Na tuna wata mata da na gani ranar tseren, zaune ita kaɗai a ƙarshen benci da robar yankakken lemo a cinya, babu wanda ya zauna kusa da ita. Sai yau na gane ko uwar wa ce.

Yarinyar nan ta ƙara da cewa cikin 'yan ƙungiyarsu mutum biyu ne kawai suka kira ta. Na ce Najat fa? Ta ɗaga kafaɗa ta fita.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, ƙarfe 5:20 na yamma

Bari in rubuta, tun da takarda ba ta da baki.

Ni na ɗauki bidiyon. Ni na tura guruf, da murya a ƙarƙashinsa: "Ku ga abin da ake yi wa 'ya'yanmu, namiji a cikin mata." Iyakar abin da na ce ke nan. Ya kamata in ce mai baƙin hijabin nan da wayar take bi tawa ce, ba ita nake nufi ba. Na buɗe baki zan faɗa, sai kunya ta kama ni. Mata sittin, har da sa'o'in Innarmu, in tsaya ina nuna 'yar fari ina cewa ga tawa? Na ce ai duk sun san ta. Na manta waya ba ta tsayawa inda aka san mutum.

Wayar kuwa ita ta bi don ita nake kallo. Kullum ita nake kallo. Ina da bidiyonta talatin da wani abu a wayar nan, ba ta san da ko ɗaya ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe 11:00 na safe

Na gaya wa Abban Humaira bayan ya karya. Na zaci zai yi faɗa, na ma shirya masa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Indo, kwana goma sha shida ina zagin mutum a gabanki." Ya ɗauki makulli ya fita. Faɗan da ya fi mini sauƙi.

Na same ta a ɗaki tana ninke kaya. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata duka, da Hausa, ina kallon kafet.

Ta ce, "Na sani, Umma."

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar farko. Daga bencin can na sama kusa da ƙofa aka ɗauka. Babu mai zama a can sai ke. Sauran iyaye a ƙasa suke tsayawa suna ihu."

Ta ci gaba da ninke rigar. Ta ce ba ɗaukar ce ta dame ta ba. Jira take ta ga ranar da zan shiga ƙarƙashin bidiyon in rubuta cewa 'yata ce. Wai kullum sai ta duba.

Na ce ke ba ki san al'adarmu ba ne. Ta ce ta sani, ai a cikinta ta girma.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau a karatun mata na masallaci na miƙe tsaye.  Na ce yarinyar da ke cikin bidiyon nan 'yata ce ta cikina, sunanta Balki, ni na haife ta, kuma ni na tura abin ban yi bayani ba. Sunan ya fito mini wani iri, kamar na ari bakin wani. Wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi, ban sani ba ko don abin da na yi ne ko don na kama sunan.

Aka ce Allah ya kyauta, Allah ya rufa asiri. Aka raba cincin.

Na dawo na sa Humaira ta nuna mini yadda ake rubutu a shafin mutumin. Na rubuta da Turancina na asibiti, da cikakken sunana. Sharhi dubu huɗu da wani abu ne a wurin, nawa ya nutse a cikinsu kafin in ajiye wayar. Mutum ɗaya ya amsa, ya ce ƙarya nake. Na kuma yi sabuwar murya a guruf na roƙi kowa ta tura duk inda ta tura ta farko. Mutum goma sha ɗaya suka saurara.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe 7:05 na safe, a bas

Takalman ba sa bayan ƙofa. Na leƙa ta taga na hango ta tana hawa dogon matakalan nan na bayan layinmu da gudu, babanta yana tsaye a ƙasa cikin sanyi da kofin shayi. Shi da ko bene hawa biyu sai ya nemi lifta.

Har yanzu gaisuwa ce kawai tsakanina da shi.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe 5:30 na yamma

Koci Efua ta ce Yesenia ta janye daga gasar. Uwarta ce ta kira, ba ta faɗi dalili ba. Don haka Najat ta samu shiga.

Damata ta hau sama ta gaya mini. Ta kasa murna a gabana, ta kasa ɓoyewa. Na ce mata ta yi murnarta, yarinya ta sha wahala, kuma da gaske nake. Abin da muka nema ke nan ranar a jirgi. Na zaci in ya samu zan ji daɗi, sai ga shi gajiya kawai nake ji.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, bayan magariba

Na wanke mata hijabin gudu na goge, duk da ba ya buƙatar guga. Ta karɓa ta ce ta gode. Ta ce za ta yi gudun gobe, Abba zai kai ta.

"Amma Umma, don Allah kada ki zo."

Na ce to. Dama ina da wanki.

Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe 2:10 na rana

Yanzu ne za su tashi. Na kashe wayar na saka ta a cikin durowa.

Ƙarfe 4:45 na yamma

Sun dawo tun ƙarfe uku da rabi. Ta wuce ɗaki. Shi ya zauna a kicin da rigar sanyinsa a jiki, ya ba ni labari yana kallon tebur.

Ta yi ɗumin jiki lafiya. Aka kira su, ta je ta tsaya a layinta. Sai wayoyi suka tashi a benci, ya ce ya ƙirga sun fi ashirin, duk ita suke nunawa. Wataƙila wasu iyaye ne kawai masu ɗaukar nasu 'ya'yan, wa ya sani. Wani daga sama ya faɗi wata kalma, shi bai ji sosai ba, ita ta ji. Ta durƙusa kamar za ta ɗaura igiyar takalmi, ta kwance su duka biyun, ta riƙe a hannu ta fita da safa. Koci ta bi ta har ƙofa tana kira.

Aka yi tseren da layinta babu kowa. Najat ta zo ta uku. Ya ce wadda ta ci ɗin, lokacinta bai kai wanda yarinyar nan take yi a atisaye ba. Ya faɗi haka sau biyu.

Na gaji. Allah na gaji.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, ƙarfe 10:20 na safe

An gayyace mu suna a Harlem. Na zaci ba za ta je ba, ban ma tambaye ta ba. Ina ɗaura ɗankwali ta shigo ɗakina cikin leshin Sallar bara, wanda sai da muka yi rigima kafin ta saka shi sau ɗaya. Ta buɗe akwatin kwalliyata ba ta tambaya ba. Yarinyar da ko man leɓe sai na bi ta da shi.

Ta zizara kwalli, hannunta bai saba ba, ya karkace. Ta shafa jan baki, ya yi yawa. Ta ɗauko manyan 'yan kunnena na gwal, hujin ya kusa toshewa, ta tura da ƙarfi har ya yi jini kaɗan. Na ce ke, bari in taya ki. Ta ce a'a. Ta ja mayafin baya yadda kunnuwan za su fito.

Sannan ta juyo ta tsaya a gabana, ta fi ni tsawo da kusan tafin hannu biyu. Da Hausa ta yi tambayar, ita da sai ta shekara ba ta haɗa jimla ɗaya ba.

"Umma, yanzu na yi kama da mace?"